Mashigin Khaibar da ake ambata a labarai: shi ne Khaibar ta Sira, kuma me ya ba shi wannan daraja?

Hauwa'u:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya, kuma ba tawa ce ni kaɗai ba, har da ta mahaifina. Shekaranjiya da daddare muna sauraron labaran duniya, sai aka ce an sake rufe iyakar Torkham tsakanin Pakistan da Afganistan, manyan motoci sun yi cirko-cirko a mashigin Khaibar, kayan marmari suna ruɓewa a cikinsu. Baba yana jin an ce Khaibar sai ya ɗago kai ya ce, "Khaibar dai ta yaƙin Manzon Allah?" Na ce masa ina jin ba ita ba ce. Ya ce to wacce ce? Nan na rasa ta cewa.

Na duba taswira a waya, abin da na gani ɗan siririn layi ne yana lanƙwasa a tsakanin duwatsu. Amma duk inda na karanta sai in ga ana cewa sarakuna da dauloli sun yi ta zubar da jini a kansa. Don Allah masu sani ku fahimtar da ni. Akwai alaƙa tsakanin wuraren biyu? Kuma mene ne a wannan hanya da ba a iya kauce mata a bi wata? Baba yana jiran amsa, na yi masa alkawari.

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Wurare biyu ne daban, nisan da ke tsakaninsu dubban kilomitoci ne. Khaibar ta Sira tana ƙasar Hijaz, kimanin kilomita 150 arewa da Madina, gari ne mai gonakin dabino da ganuwoyi, an buɗe ta a shekara ta 7 bayan Hijira, kuma a nan ne Annabi (SAW) ya miƙa tuta ga Sayyidina Aliyu. Wanda kuka ji a rediyo kuwa hanya ce a cikin tsaunuka, yamma da birnin Peshawar na Pakistan.

Amma Baba bai yi kuskuren ji ba. Da haruffan Larabci sunayen biyu iri ɗaya ake rubuta su. Kuma a tsakiyar mashigin akwai wuri mai suna Ali Masjid, wanda aka sa wa sunan Sayyidina Aliyu, mutanen wurin suna da labarin gado cewa ya yi salla a nan. Littattafan tarihi ba su nuna ya taɓa kaiwa can ba, don haka a ɗauke shi a matsayin shaidar ƙaunar da mutanen suke masa. Sauran tambayar na bar wa Baba Isiyaku, shi ya taka wurin da ƙafarsa.

Baba Isiyaku:

Wa alaikumus salam. Hauwa'u 'yata, ki gaida mini mahaifinki da kyau. Abin da Malam Habibu ya faɗa haka yake. Ni kuma bari in ba ki abin da idona ya gani, domin na bi hanyar nan sau ɗaya, a watan Satumba na 2004, lokacin ina ƙaro karatu a Islamabad, kuma tun daga ranar ban daina karanta tarihinta ba.

A lokacin baƙo ba ya shiga haka kawai. Sai ka je ofishin jami'in da ke kula da yankin ƙabilu a Peshawar, ka nuna fasfo, a ba ka takardar izini, sannan a haɗa ka da ɗan rakiya mai bindiga daga mutanen wurin, wanda suke kira khasadar. Namu dattijo ne ɗan ƙabilar Afridi, ya rina gemunsa da lalle. Ya zauna gaba kusa da direba, bindiga a kan cinya, bai ce uffan ba har muka wuce babbar ƙofar da aka gina a Jamrud zamanin shugaban Pakistan Ayub Khan. Sai ya juyo ya yi magana, abokin tafiyata ya fassara mini: daga nan dokar gwamnati iyakarta kwalta, in ka sauka daga kwalta ka shiga dokar masu ƙasa. Na ɗauka tsoratar da baƙo kawai yake yi. Ashe yadda aka zauna ke nan tun zamanin Turawan Ingila, har zuwa 2018 da aka haɗe yankin ƙabilun da lardin Khyber Pakhtunkhwa.

Ki fara da yanayin ƙasar, sauran duk daga nan yake fitowa. Tsakanin tuddan Afganistan da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Indiya akwai katangar tsaunuka doguwa. A gefe guda ga kwarin Jalalabad, wanda ke kai mutum Kabul, daga Kabul kuma hanyoyi su rabu zuwa Balkh da Bukhara da Farisa. A ɗaya gefen ga kwarin Peshawar. In ka fito Peshawar ka haye kogin Indus a Attock, ka shiga Punjab, babu wani babban tsauni kuma a gabanka har Delhi. Mashigin Khaibar shi ne gajeriyar ƙofa tsakanin waɗannan kwaruruka biyu, tsawonsa kimanin kilomita 53. Kogin Kabul ma ya ratsa katangar ta arewa kaɗan, amma ta cikin kwazazzabo mai wuyar bi ga ayari mai kaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin tsayinsa. Ƙololuwarsa a Landi Kotal mita 1,070 ce kacal. Ki kwatanta da ramin Salang da ke arewa da Kabul, wanda ke kusan mita 3,400, ko Khunjerab tsakanin Pakistan da Sin, mai kusan mita 4,700. Waɗancan ƙanƙara kan toshe su. Khaibar kuwa rani da hunturu raƙumi yana wucewa. Darajarsa daga sauƙinsa take, ba daga wuyarsa ba. Shi ya sa tun kafin Musulunci fatake da masu ziyarar addinin Budda suke binsa. A gefen hanya mun ga wani tsohon ginin ibadarsu a kan tudu, Sphola, rabinsa ya zube, yana nan tun zamanin da Peshawar take babban birnin sarki Kanishka.

To amma sauƙin nan yana da maƙogwaro, shi ne Ali Masjid. Nan na roƙi direba ya tsaya. Duwatsun sun matso daga dama da hagu, tsirara, ba itace ba ciyawa, launin toka da ja-ja. Ƙarƙashi ga ɗan rafi da ɗan masallaci da 'yan bishiyoyi, can sama ga kagara a kan tsauni, sai ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa kafin ka gan ta. An faɗaɗa wurin da nakiya, duk da haka inuwa ce ta rufe mu da hantsi. Ana cewa a da raƙuma biyu masu kaya da ƙyar suke gifta juna. A jikin duwatsun an manna tambarin rundunonin da suka yi zaman wurin, na Ingila da na Indiya da na Pakistan, jere. Dattijon nan ya nuna mini saman tsaunin da haɓarsa, ya ɗaga yatsu goma, sannan ya share hanyar da tafin hannu. Ban buƙaci tafinta ba. Mutum goma a can sama sun isa su tsayar da duk wanda ke ƙasa.

Wannan shi ne abin da nake so ki kai wa Baba. Mai tafiya a cikin mashigi, komai yawan rundunarsa, ba shi ke riƙe da shi ba. Runduna mai mutum dubu ashirin in ta shiga sai ta zama zare, na gaba bai san abin da ke samun na baya ba. Masu riƙe da shi su ne mazauna saman duwatsun, Afridi ta gabas da tsakiya, Shinwari ta wajen Landi Kotal. Ƙasarsu ba ta noma sosai, hanyar ita ce gonarsu, kuɗin fito shi ne amfaninta. Duk daular da ta zo sai ta yi ɗayan uku: ta hau saman duwatsun, ko ta zagaya ta baya, ko ta biya.

Daular Mugal da ta mulki Indiya ta ɗanɗana duka. Babur, wanda ya kafa ta, ya fara bi ta nan a 1505, shekaru 21 kafin ya ci Delhi bayan yaƙin Panipat a 1526. Jikansa Akbar ya sa injiniyansa Kasim Khan ya gyara hanyar har keken shanu ya iya bi, ya kuma gina ganuwar Attock, saboda Kabul lardinsa ce, ba ya so a raba shi da ita. Amma a 1672, zamanin Aurangzeb, gwamnan Kabul Muhammad Amin Khan ya taso daga Peshawar da runduna da iyali da dukiya, ya shiga mashigin alhali ƙabilun sun tayar ƙarƙashin Aimal Khan. Suka tare shi, suka raba shi da ruwan sha, suka sauko masa daga sama. Rundunar ta watse, aka kama iyalinsa, shi ya sha da ƙyar ya koma Peshawar. Abin ya kai Aurangzeb da kansa ya taso a 1674 ya tare a Hasan Abdal fiye da shekara guda. Kuma ba takobi ne ya buɗe hanyar daga ƙarshe ba. Gwamnan da ya zo daga baya, Amir Khan, kuɗi ya riƙa rabawa shugabannin ƙabilu, yana jan wannan yana sakin wancan, ya samu kusan shekara 20 hanya a buɗe.

Da daular ta yi rauni aka yi sakaci da biyan nan, sai ga Nadir Shah na Farisa a 1738. Gwamna Nasir Khan ya toshe mashigin yana jiransa ta gaba. Nadir ya bar sansaninsa a inda yake don a ɗauka yana nan, ya ɗebi mahaya cikin dare, ya bi wata ƙaramar hanya ta kudu, gari na wayewa ya ɓullo musu ta baya. Aka kama Nasir Khan. Wata uku bayan haka ya karya rundunar Mugal a Karnal, ya shiga Delhi a 1739 ya kwashe taskarta. Ina yawan tunanin wannan: abin da aka ƙi biyan masu tsaron ƙofa bai kai ƙwayar gero ba a kan abin da aka kwasa daga cikin gida.

Na yi tsawo. In akwai sauran tambaya ina nan.

Sadiku:

Baba Isiyaku, Allah ya ƙara sani, na ƙaru ƙwarai. Amma ku yi mini haƙuri, ina da ja a wurare biyu. Na farko, ban ji kun ambaci babban abin da ya sa duniya ta san Khaibar ba, wato hallaka rundunar Ingila a 1842, inda aka ce mutum ɗaya tak ya tsira. Ai ina jin a nan aka yi. Haka kuma kullum ana cewa Iskandar na Makidoniya ta nan ya shiga Indiya.

Na biyu, duk abin da kuka kawo zamanin doki da raƙumi ne. Yau akwai jiragen ɗaukar kaya, akwai jirage marasa matuƙi, akwai makamai masu linzami da ke tsallake kowane tsauni. Mutum goma a saman dutse me za su yi wa wanda ke kallonsu daga sama? A ganina darajar wurin ta zama ta tarihi, kamar tsohuwar ganuwa da ake kai ɗalibai su gani. Ban faɗa don musu ba, so nake in gane.

Baba Isiyaku:

Sadiku ɗana, ja irin wannan shi ke sa a tace magana, na gode.

Batun 1842, ba a Khaibar aka yi ba, kodayake mutane da yawa haka suke ɗauka. Rundunar ta bar Kabul a farkon Janairu, sojoji kimanin 4,500 da mabiya kimanin 12,000, cikin ƙanƙara. An gama da su ne a mashigan da ke tsakanin Kabul da Jalalabad, wato Khurd Kabul da Jagdalak, na ƙarshensu suka faɗi a Gandamak. Likita William Brydon ya isa Jalalabad ranar 13 ga Janairu. Ba shi kaɗai ya rayu ba, akwai waɗanda aka kama fursuna da wasu sojojin Indiya da suka ɓullo daga baya, amma shi aka gani ya iso a kan doki. Ko kusa da Khaibar ba su kai ba. Kuma da farko ma, a 1839, babbar rundunar ta mashigin Bolan ta shiga, can kudu, ta nufi Kandahar. Iskandar kuwa, shi da kansa ta kwarin Kunar da Swat ya bi, wani ɓangare na rundunarsa ne ya tura ta wajen Peshawar. Muhammad Ghori ma a 1175 ta Gomal ya sauka Multan. Ƙofofin suna da yawa, Bolan da Gomal da Tochi da Kurram. Sunan Khaibar ya rinjayi sauran ne saboda shi ke haɗa Kabul da Peshawar kai tsaye, sai aka riƙa jingina masa har abin da ba a cikinsa aka yi ba.

Inda Khaibar ya shigo a labarin 1842 shi ne wajen kai ɗauki. A Janairun nan Birgediya Wild ya nemi kutsawa ta gaba don ya ceci na Jalalabad, aka koro shi. A Afrilu Janar Pollock ya zo, ya tura sojoji suka fara hawa duwatsun dama da hagu, sai da suka kori na sama sannan ayarin ya shiga. A Nuwamba 1878 kuma Janar Sam Browne ya kai hari Ali Masjid ta gaba bai ci ba, sai da rundunonin da ya tura ta bayan tsauni suka kusa datse hanya, masu tsaron suka janye cikin dare. Dabarar Nadir Shah ce aka maimaita bayan shekara 140. Yarjejeniyar Gandamak ta 1879 ta ba Ingila iko da mashigin a takarda. A ƙasa kuwa me suka yi? A 1881 suka zauna da Afridi aka yanka musu kuɗin shekara, aka ɗauki 'ya'yansu aikin tsaron hanya, rundunar da ta zama Khyber Rifles. Ayari kwana biyu a mako yake wucewa da rakiya. Daula mafi ƙarfi a duniya a lokacin, abin da Amir Khan ya yi shi ta yi. Duk da haka a Agusta 1897 Afridi suka tayar suka ƙwace sansanonin cikin 'yan kwanaki, sai da aka tura sojoji fiye da 30,000 ƙasar Tirah, kuma bayan an gama aka koma kan biyan.

Tsoron Rasha ne ya sa Turawan Ingila suka nace. Shi ya sa bayan yaƙin 1919 da sarkin Afganistan Amanullah Khan suka shimfiɗa layin dogo, aka buɗe shi a 1925, da ramuka 34 a cikin dutse da gadoji manya da ƙanana 92. Na gan shi yana shiga tsauni yana fita, wani wuri a samanmu wani wuri a ƙarƙashinmu. A lokacin kan jirgi biyu ake sawa, ɗaya gaba ɗaya baya. Ba don fasinja aka yi wannan wahala ba, don a kai soja da igwa bakin iyaka cikin sa'o'i ne. Ambaliya ta wanke sassansa shekara biyu bayan zuwana.

Yanzu ga ja na biyu, wanda ya fi muhimmanci. Gaskiyarka, jirgi yana tsallake tsauni. Amma jirgi bom yake kaiwa da sauƙi, ba ya iya ciyar da runduna shekara da shekaru. Soja yana cin abinci kullum, motarsa tana shan mai kullum, ana buƙatar siminti da katako da taya. Afganistan ba ta da teku. Lokacin da Amurka da ƙawayenta na NATO suke can, da duk jiragen da ka lissafa a hannunsu, mafi yawan kayan da ba makamai ba a tashar Karachi ake sauke su, a ɗora wa tireloli da tankokin mai, direbobi farar hula su ratsa Pakistan, su shiga ta Torkham ko ta Chaman. A Disamba 2008 'yan bindiga suka ƙona motoci fiye da 100 a wuraren ajiya da ke gefen Peshawar. Sannan ranar 26 ga Nuwamba 2011 jiragen NATO suka kashe sojojin Pakistan 24 a Salala. Pakistan ba ta rama da yaƙi ba, ƙofa ta rufe, har zuwa Yuli 2012. Aka koma jigila ta arewa, ta Rasha da ƙasashen tsakiyar Asiya, sakataren tsaron Amurka na lokacin, Leon Panetta, ya ce hakan yana ci musu ƙarin kusan dala miliyan 100 kowane wata. Ba a sake buɗewa ba sai da sakatariyar harkokin wajen Amurka ta lokacin, Hillary Clinton, ta ba da haƙuri. Wannan ba zamanin raƙumi ba ne, Sadiku, kana raye aka yi shi.

Abin da ya canja, kuma a nan na yarda da kai, shi ne wanda ke riƙe da makullin. Da mutanen saman dutse ne. Yanzu gwamnatoci biyu ne da ƙofar ƙarfe da jami'an kwastan.

Hauwa'u:

Baba Isiyaku, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na karanta wa Baba duka, har ya sa na maimaita masa wurin Nadir Shah. Ya ce a gaishe ku, a gaida Malam Habibu. Amma ya sake jefo wata. Ya ce shi duk sarakunan nan ba su dame shi ba kamar masu kayan da ke ruɓewa a mota. Wai su wane ne, kuma in ƙasashen biyu duk Musulmi ne maƙwabta, me ke sa a riƙa rufe ƙofar?

Baba Isiyaku:

Ina amsawa, 'yata. Tambayar Baba ita ce ta fi taɓa ni, don ni ma su na fi tunawa.

Tushen rigimar layin iyaka ne. A 1893 Mortimer Durand na gwamnatin Ingila a Indiya da Amir Abdur Rahman Khan na Afganistan suka shata layi mai tsawon kimanin kilomita 2,600, ya ratsa tsakiyar ƙasar Pashtun, babbar al'ummar da ƙabilun nan suke cikinta. Shinwari suna nan suna can, Mohmand haka. Pakistan ta gaji layin a 1947 tana ɗaukarsa iyakar ƙasa. Gwamnatocin Kabul kuwa, na sarauta da na kwaminis da na Taliban, ba su yarda da shi a haka ba, kuma ba su manta cewa Peshawar ta taɓa zama masaukin hunturu na sarakunan Durrani na Afganistan ba, kafin daular Sikh ta Punjab ta karɓe ta a 1834. Ganuwar Jamrud da na wuce, janar ɗin Sikh Hari Singh Nalwa ne ya gina ta a 1836, a nan kuma ya rasa ransa a 1837 yana yaƙi da rundunar sarkin Kabul Dost Muhammad Khan. Ƙari a kan wannan, Pakistan tana zargin masu kai mata hari suna fakewa a tsallake, tun 2017 take kafa shingen waya a kan layin, Kabul kuma tana musantawa tana adawa da shingen. To duk ranar da aka yi musayar wuta ko aka yi saɓani a kan gina wani wurin tsaro ko takardun direbobi, abin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙofar Torkham.

Masu kayan kuwa talakawa ne. Daga Afganistan inabi da rumman da tumatir da albasa da kwal suke saukowa, daga Pakistan siminti da magunguna da shinkafa suke hawa. Siminti yana iya jira. Inabi ba ya jira. Manomin da ya yi shekara yana ban ruwa a arewacin Kabul, kwana huɗu a rana a bakin ƙofa sun isa su mayar da wahalarsa ruwa. Ga marasa lafiya da ke zuwa asibitocin Peshawar. Ga miliyoyin da suka gudo ta nan bayan shigar Tarayyar Sobiyet a 1979, waɗanda aka haifi 'ya'yansu da jikokinsu a Pakistan, sannan daga Nuwamba 2023 aka tasa dubban ɗaruruwan marasa takarda suka koma ta wannan ƙofar, da katifu da tukwane a saman motoci.

Takardarmu iyakarta wurin tsaro na Michni, gaba da Landi Kotal kaɗan. Daga nan na hango Torkham a ƙasa, hanya tana gangarawa kamar igiya, motoci a jere har inda ido ya gaza. Da muka juyo muka tsaya shan koren shayi a Landi Kotal. Kusa da mu wani direba ya faka babbar mota mai zane-zane, da sarƙoƙi suna lilo a gabanta. Ɗan Shinwari ne, ya ce mahaifiyarsa tana wannan gefen, matarsa 'yar wancan gefen ce, ƙauyukan biyu ana jin kiran sallar juna in iska ta juyo. Da ya ji daga nesa na zo, kuma Musulmi ne, sai ya hau bayan motar ya buɗe akwatin katako guda, ya ciro nonon inabi ya ɗauraye da ruwan butarsa ya miƙo mini da hannu biyu. 'Ya'yan ƙanana ne, kore-kore, ba ƙwallo a ciki, har da sauran sanyin dare a jikinsu. Na sa hannu a aljihu, dattijon rakiyarmu ya riƙe mini wuyan hannu ya girgiza kai. Direban ya ce shekaranjiya aka tsinke su, in Allah ya yarda gobe da asuba suna kasuwar Peshawar. Ya duba rana, ya shanye shayinsa a tsaye, ya hau mota.

Ki gaya wa Baba, da aka ce kaya suna ruɓewa a Khaibar, fuskar mutumin nan ce ta zo mini. Ina da hotuna huɗu na tafiyar, har da na Ali Masjid. Zan nemo su a cikin akwati in ɗauka da waya in sa a nan, ki nuna masa.